Sabon mai jari ya zo da miliyan 30: a wane shafi za a rubuta su?

Bayan La'asar ne, cikin kaka, lokacin da motocin shanshera ke ta kwararowa Gombe daga Dadin Kowa, wani Alhaji da nake riƙe wa kamfaninsu littafi ya shigo ofishina fuskarsa cike da annuri. Injin gyaran shinkafa gare su. Tun kafin ya gama zama ya ce:

"Malam, Allah Ya kawo mana mafita. Wani ɗan kasuwa daga Tudun Hatsi zai zuba mana miliyan 30 mu sayi sabon inji. Tunda hannun jarinmu naira ɗaiɗai ne, sai ka rubuta masa guda miliyan 30, gobe a kai wa lauya."

Na ce, "Alhaji, Allah Ya sa albarka. Amma ka ba ni minti goma da biro kafin a kira lauya."

Tarihin kamfanin ba shi da tsawo. Shekara shida kafin wannan rana su uku suka kafa shi: Alhaji, da ƙanensa, da wani amininsu. Suka yi rajista da hannun jari miliyan 10, kowanne naira ɗaya, suka kuma biya duka. Alhaji ya ɗauki miliyan 4, sauran biyun miliyan uku-uku. Daga baya Allah Ya yi wa aminin rasuwa, ya bar mata ɗaya da ƴaƴa biyar, rabonsa ya koma hannun magada. A tsawon shekarun nan ba su cinye riba ba. Duk abin da aka samu sai a ƙara sito, a sayi janareta, a tara shanshera. A lissafin ƙarshen shekara, in aka haɗa inji da fili da sito da kaya da kuɗin banki, aka cire basussuka, abin da ya rage ya kai naira miliyan 60. Na ɗan daidaita alƙaluman don lissafin ya yi wa mai karatu sauƙi, amma yadda abin ya kasance ke nan.

Na jawo takarda na rubuta masa. Dukiyar miliyan 60 in aka raba ta ga hannu miliyan 10, kowane hannu ya tashi a naira 6. Idan baƙo ya kawo miliyan 30 aka ba shi hannu miliyan 30, jimillar hannaye ta zama miliyan 40, dukiyar kamfani ta zama miliyan 90, shi kuma ya mallaki kashi uku cikin huɗu. Wato ya ajiye miliyan 30 da safe, kafin Azahar ya zama mai miliyan 67 da rabi. Rabon Alhaji da ya kai miliyan 24 ya sauko zuwa 9. Na marayu da ya kai miliyan 18 ya koma miliyan 6 da dubu 750. Sannan ga wata: a dokar kamfanoni, mai kashi uku cikin huɗu na ƙuri'a shi kaɗai zai iya zartar da ƙuduri na musamman, ya sauya suna, ya sauya dokokin cikin gida, har ya rufe kamfanin in ya ga dama.

Alhaji ya daɗe yana kallon takardar. Ya cire hula ya ajiye a kan tebur, ya ce, "Innalillahi. Da na ci dukiyar marayu ban sani ba."

Ɗan kasuwar nan ba cuta ya zo yi ba, shi ma bai san haka lissafin yake ba. Abin da ya kusa jefa su duka a rami shi ne ɗaukar da suka yi cewa naira ɗayan da ke rubuce a takardar rajista ita ce kuɗin hannun jari. Kuma wannan ruɗani ba na Alhaji kaɗai ba ne, na gan shi a wurin masu digiri.

Naira ɗayan nan ƙimar asali ce, wato awon da aka yanka jarin kamfani da shi ranar da aka haife shi. Kamar mudu take, ba ta gaya maka nawa hatsin da ke ciki zai yi a kasuwa yau. Yawancin kamfanonin da ke kasuwar hannun jari ta Legas ƙimar asalinsu kwabo 50 ne, amma ana cinikinsu a naira goma, ɗari, har dubu. Hannun jarin MTN Najeriya kwabo 2 ne a takarda, alhali da aka tallata wa jama'a shi a Disambar 2021 naira 169 aka sayar da kowanne. Amfanin ƙimar asali a doka guda ne mai girma: ita ce ƙasan da ba a sauka ƙasa da ita. Dokar kamfanoni ta 2020, wadda aka fi sani da CAMA, ta hana kamfani fitar da sabon hannun jari a farashin da bai kai ƙimar asalinsa ba. Sama da ita kuwa ciniki ne, sai yadda aka daidaita.

To in an sayar da hannun naira ɗaya a naira 6, ina biyar ɗin za ta?

Ƙa'idar aikinmu ita ce kowane kwabo sai an rubuta shi sau biyu, a hagu inda ya sauka, a dama inda ya fito. Su ne akantoci ke kira debit da kiredit. Miliyan 30 na ɗan kasuwa za su sauka a asusun banki, wannan a hagu. A dama kuma sai su rabu gida biyu. A farashin naira 6 hannu miliyan 5 za a ba shi, kowanne naira ɗaya a takarda, don haka miliyan 5 su tafi asusun jarin hannaye. Ragowar miliyan 25 su tafi wani asusu na daban, wanda ni nake kira asusun ɗoriya, domin ɗori ne a kan ƙimar asali. Da haka baƙo ya samu kashi ɗaya cikin uku na kamfanin da ya kai miliyan 90, daidai da miliyan 30 da ya kawo. Babu wanda ya ci wani.

Ɗoriyar nan ita ce ladan guminsu na shekara shida. Ita ce kuɗin ƙofa da sabon shiga ke biya domin ya tarar da sito a cike da inji yana aiki da masu saye sun san hanya. Amma a nan ne ruɗani na biyu yake, kuma ya fi na farko daɗin ji, shi ya sa ya fi shi haɗari. Da Alhaji ya gane lissafin sai ya ce, "To ai shi ke nan, miliyan 25 riba ce muka ci. Sai mu tsofaffi mu raba." Na ce masa a'a. Ba a sayar da ko ƙwayar shinkafa ɗaya ba, daga ina riba ta fito? Kuɗi na shiga kamfani ta ƙofa uku: ko ciniki, ko bashi, ko jari. Na ciniki ne kaɗai ke haifar da riba. Na bashi sai an mayar wa mai shi. Na jari kuwa zama ya zo yi, kuma ɗoriya jari ce tsantsa, ba ta taɓa bi ta shafin riba da asara. In aka raba ta, baƙo ya zuba miliyan 30 don a sayi inji, an wayi gari miliyan 5 kawai suka rage a kamfanin.

Doka ta ɗaure asusun ɗoriya kusan yadda ta ɗaure jarin kansa. An yarda a taɓa shi a ƴan wurare ƙalilan: a biya hannayen gyara da za a raba wa masu jari kyauta, a share kuɗin da aka kashe wajen kafa kamfani, a share ɗawainiya da kamasho na fitar da hannun jari, ko a biya ƙarin da ke kan hannayen da kamfani zai fanshe. Rabon riba ba ya cikinsu. Dalili kuwa a fili yake. Doka na kallon kamfani a matsayin mutum mai zaman kansa, daban da masu shi, tun shari'ar Salomon da aka yanke a Ingila a ƙarshen 1896, wadda dokarmu ta gada. In kamfani ya karye, manomin da ya ba da shanshera bashi ba shi da ikon kama gidan Alhaji. Abin da ya dogara da shi kawai jarin da aka ce an zuba. Tunda doka ta kare gidan Alhaji, dole ta kare jarin da manomi ya gani ya saki buhunansa.

Wanda ke ganin wannan rabe-rabe wasan akantoci ne, ya dubi abin da ya faru da bankuna. A ƙarshen Maris na 2024 Babban Bankin Najeriya, ƙarƙashin Olayemi Cardoso, ya ɗaga mafi ƙarancin jarin bankuna: biliyan 500 ga mai lasisin ƙasa da ƙasa, biliyan 200 ga na ƙasa baki ɗaya, biliyan 50 ga na yanki, bankunan da ba sa mu'amala da ruwa kuma biliyan 20 da biliyan 10. Aka ba su daga 1 ga Afrilun 2024 zuwa 31 ga Maris na 2026. Abin da ya girgiza su ba yawan kuɗin ba ne kawai. Babban Bankin cewa ya yi asusu biyu kaɗai zai ƙirga: jarin hannaye da aka biya, da ɗoriya. Ribar da aka tara shekara da shekaru ba ta ciki. Akwai bankunan da dukiyar masu jarinsu ta haura tiriliyan, amma da aka leƙa waɗannan shafuka biyu sai aka ga ba su kai ba, dole suka fito neman sabon kuɗi. Kamfanin da ya mallaki bankin Access ya yi wa masu jarinsa tayin hannaye kusan biliyan 17.8 a kan naira 19 da kwabo 75, ya tara kimanin biliyan 351. Kwabo 50 ne ƙimar asali, don haka abin da ya shiga asusun jarin hannaye bai cika biliyan 9 ba. Sauran biliyan 342, kafin a cire ɗawainiya, ɗoriya ce. Lissafin da na yi wa Alhaji a bayan takarda shi ne dai aka yi a can, sifili ne kawai ya fi yawa. Waɗanda suka ga zamanin Charles Soludo, tsohon gwamnan Babban Banki, sun san ba sabon abu ba ne. A 2004 ya ɗaga jari daga biliyan 2 zuwa 25, kafin ƙarshen 2005 bankuna 89 suka koma 25, kuma a lokacin ne mutane da yawa a Arewa suka fara cike fom ɗin sayen hannun jari.

Mu koma injin shinkafa. Kwana biyu bayan zamanmu ɗan kasuwar ya turo miliyan 20 asusun kamfani, tun ba a gama magana ba, don ya nuna da gaske yake. Akawun kamfanin, yaro mai ƙoƙari, ya kira ni ya ce, "Oga, na sa su a jari?" Na ce kada ya kuskura. Kuɗin da mutum ya turo yana neman hannun jari bai zama jari ba sai ranar da kamfani ya zauna ya ware masa hannaye. Kafin nan amana ce. Ana rubuta shi a banki ta hagu, a dama kuma a asusun jiran rabo, domin in ciniki ya watse sai an mayar masa da abinsa. Ranar da aka yi ƙuduri aka ware masa, sai a kwashe daga asusun jira a zuba a jari da ɗoriya. Haka manyan kamfanoni ma ke yi in sun tallata wa jama'a. Kuɗin masu nema na zaune a asusu na musamman har sai hukumar SEC, mai kula da kasuwar hannun jari, ta amince da yadda za a raba, in kuma masu nema sun fi kaya yawa a mayar wa kowa da rararsa. Kamfanin da ya taɓa kuɗin jira ya sayi kaya da shi kafin rabo, da dukiyar da ba tasa ba ya yi kasuwanci.

Sauran miliyan 10 fa? Ɗan kasuwar ya ce sai ya sayar da masarar da ya ajiye, nan da wata uku. A nan hanya biyu ce. Ana iya ware masa hannayen duka yanzu, a rubuta cewa akwai saura a kansa, in lokaci ya yi kamfani ya kira kuɗin. Wannan shi ne abin da ɗalibai ke sha a jarrabawa: kuɗin nema, kuɗin rabo, kiran farko, kiran ƙarshe. In an kira mutum bai biya ba, sai a rubuta shi a shafin waɗanda kira ya wuce su, a ba shi sanarwar da ba ta gaza kwana 14 ba, in ya ƙi a ƙwace hannayen. Abin da ya riga ya biya ba ya komawa aljihunsa, ba kuma ya zama ribar ciniki, yana zama ne a ɓangaren jari. Doka ta yarda da hakan, amma ni ban taɓa ba wa kamfanin ƴan uwa shawarar bin wannan hanya ba. Ƙwace hannun mutumin da kuke haɗuwa a sahu ɗaya kullum, wuta ce da ba ta mutuwa da wuri. Hanya ta biyu ta fi lafiya: a ba shi hannayen da kuɗinsa ya saya yau, sauran kuma ranar da ya kawo cikon.

Maganar hannayen da ba a biya ba ta fi ƙarfin wannan kamfani ɗaya, kuma ita ce ta fi damuna a garin nan. Mutum zai nemi kwangila, a ce masa kamfanin da ke da babban jari ake so, sai ya je ya yi rajista da jarin miliyan 50 ko 100 ba tare da ya sa ko sisi a asusun kamfanin ba. A tsohuwar dokar 1990 akwai abin da ake kira jarin da aka ba da izini, wato rufin da kamfani zai iya kaiwa, ba dole a raba shi duka ba. Dokar da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu ranar 7 ga Agustan 2020 ta soke wannan. Yanzu jarin da aka raba wa mutane shi ne jari, mafi ƙarancinsa naira dubu 100 ga kamfani mai zaman kansa, miliyan 2 ga na jama'a, kuma Hukumar Rajistar Kamfanoni, wato CAC, ta ba tsofaffin kamfanoni zuwa 31 ga Disambar 2022 su raba hannayen da suka rage ko su soke su. Ma'anar wannan ita ce duk hannun da ke rajista yana da mai shi, kuma duk wanda sunansa ke kan hannun da bai biya ba, kamfani na bin sa bashi. Kariyar da mutane ke gudu su samu in sun yi rajistar kamfani iyakarta ke nan: ba a bin ka fiye da abin da ya rage a kan hannayenka. In ka biya duka, ka kuɓuta. In ka sa hannu a miliyan 100 ba ka biya komai ba, ranar da kamfani ya rushe mai tattara dukiyarsa na da ikon neman miliyan 100 ɗin a wurinka. Abin da ya fi ciwo, na ga inda aka sa sunan matar aure da yara ƙanana a irin wannan rajista don a cika fom, ba wanda ya gaya musu abin da aka ɗora musu. Akanta mai tsoron Allah ba zai rubuta irin wannan jari kamar kuɗi ne a hannu ba. Dole littafi ya nuna nawa aka raba, nawa aka biya, nawa ke waje.

Ɗan kasuwar ya kawo wata shawara. Yana da babbar mota ta ɗaukar kaya, a bakinsa ta kai miliyan 10, me zai hana a karɓe ta a madadin cikon? Babu laifi a biya hannun jari da kadara. Fili, inji, mota, duk suna shiga. Rubutun ma bai sauya ba, sai dai a hagu maimakon banki a rubuta mota, a dama jari da ɗoriya. Inda gizo ke saƙa shi ne ƙimar. In motar miliyan 6 ce aka rubuta ta miliyan 10, an ba mutum hannayen naira miliyan 4 kyauta, kuma daga jikin sauran aka yanko su. An zuba wa nono ruwa, ƙwarya ta cika, kowa ya samu ludayinsa amma ba kauri. Don haka sharaɗi biyu muka gindaya: wanda ba shi da hannu a cinikin ya ƙiyasta motar a rubuce, sannan takardunta su koma sunan kamfani. Na biyun nan mutanenmu na yawan sakaci da shi. Sau nawa aka ce fili na kamfani ne, an ba mai shi hannun jari a kansa, amma takardar mallaka na nan da sunansa? Ranar da ya kwanta dama magada za su sa filin cikin gado, su kuma riƙe hannayen, sai kotu. Da ɗan kasuwar ya ji sharuɗɗan, sai ya ce gara ya jira masararsa.

Shi ma fa bai zo da wasa ba, ɗan kasuwa ne da ya san ciniki. Ya ce ba zai yi cinikin biri a sama ba, miliyan 60 ɗin da ake faɗa a littafi take, shi yana son a auna tsohon injin yadda yake yau. Gaskiyarsa ne. Abin da littafi ya nuna mafari ne kawai. Wani kamfanin ya fi littafinsa daraja saboda suna da masu saye, wani bai kai ba saboda injinsa ya gaji ko akwai basussukan da ba za su dawo ba. Aka kawo mai ƙiyasi, ya duba inji, ya ƙirga buhuna, ya bi sunayen waɗanda ake bi bashi, dukiyar ta sauko miliyan 50. Aka tsaya a naira 5 kowane hannu. Ranar Alhaji bai ji daɗi ba, amma ya yarda, domin ma'aunin da ya kare marayu daga baƙo shi ne ya kare baƙo daga gare su.

Kafin a ware masa ko hannu ɗaya akwai matakin da na nace a kai. Dokar kamfanoni ta ce kamfani mai zaman kansa ba zai ba wa bare sabon hannun jari ba sai ya fara yi wa na gida tayi, kowa gwargwadon rabonsa. Da na faɗa wa Alhaji sai ya ce, "Ai wannan shuf'a ce." Kusan haka ne. A fiƙihun da muka taso a kai, in abokin tarayya zai sayar da rabonsa na gida ko gona da ba a raba ba, wanda suke tarayya ya fi bare cancanta. Hikimar ɗaya ce, kada a wayi gari a ga baƙo a tsakar gida ba da sanin masu gida ba. Aka rubuta wa ƙanen Alhaji, aka rubuta wa magada. Ni da Alhaji muka je gidan marigayin a Jekadafari, aka shimfiɗa mana tabarma a zaure, yayan matar ya zauna a matsayin wakili, ita kuma tana daga bayan ƙofa tana ji. Na karanta musu lissafin da Hausa, na nuna cewa rabonsu zai ragu daga kashi 30 cikin ɗari zuwa ƙasa da 19, amma ƙimarsa na nan a miliyan 15, domin kamfanin ya ƙara girma. Ta yi tambaya ɗaya da ta fi duk wadda mazan suka yi: "Malam, in an zo rabon riba fa, ba za mu ragu ba?" Na ce, "Hajiya, kasonku zai ragu. Sai in sabon injin ya ƙara ribar da ta rufe gurbin, kuma wannan fata ne, ba alkawari ba." Ta ce a ba su kwana uku. Bayan kwana uku suka sa hannu cewa ba za su saya ba, sun kuma amince a ba baƙo.

Akwai abubuwa biyu da ke kama da fitar da hannun jari amma ba sa kawo wa kamfani ko kwabo, ya kamata mai karatu ya bambance su. Na farko hannayen gyara. Kamfani kan ce duk mai hannu biyar an ƙara masa ɗaya kyauta, mutane su yi ta murna. A littafi abin da aka yi kawai shi ne an ɗebo daga ribar da aka tara ko daga ɗoriya an mayar asusun jari. Canji aka yi maka, an karɓi dubu ɗaya an ba ka ɗari biyar-biyar. Shi ya sa Babban Banki ya ƙi karɓar gyara a matsayin ƙarin jari. Na biyu sayen hannu daga wanda ya riga ya mallake shi. Hannaye miliyan 575 na MTN da aka tallata a 2021 ba sababbi ba ne, uwar kamfanin ce ta rage nata, don haka aljihunta kuɗin suka shiga, asusun jarin MTN Najeriya bai motsa ba. Haka duk cinikin da dillali ke yi maka a kasuwa, suna ne kawai ke sauyawa a rajista. Na sha ganin tsofaffin takardun hannun jarin simintin Ashaka, wanda ya fara aiki a 1979 aka kuma cire shi daga kasuwa a 2017 bayan Lafarge ta mamaye shi, a hannun magada daga Bajoga da cikin Gombe. Tambayarsu ta farko kullum ita ce nawa kamfani zai mayar musu. Sai in yi musu bayani cewa hannun jari ba ajiya ba ne da ake zuwa a karɓa. Rabo ne a cikin dukiya, ko ka ci ribarsa ko ka sayar wa wani. Duk wanda aka miƙo wa takardar tayi, ya fara duba wannan: sababbin hannaye ne, kuɗina zai shiga kamfani ya yi aiki, ko wani ne ke fita yana miƙo mini kujerarsa?

Abu ɗaya na roƙi Alhaji bayan an gama, kuma shi nake roƙon duk mai kamfani. Ya daina turo kuɗi asusun kamfani ba suna. A littattafai da yawa da ake kawo mini akwai shafin da aka rubuta "kuɗin da Alhaji ya kawo", shi ke nan. Bashi ne ko jari? Ba wanda ya sani. In kamfani ya bunƙasa mai kuɗin zai tuna cewa jari ya zuba, in ya durƙushe zai tuna cewa rance ya bayar, kuma ba lallai ƙarya yake yi ba, zuciya ce ke tuna abin da ya yi mata daɗi. Rance ana mayarwa kafin masu jari su ga komai. Jari kuwa ba ya fita sai ta ƙofofin da doka ta buɗe, kamar rage jari da amincewar kotu. Tun ranar da kuɗin ya shigo ake raɗa masa suna, a rubuce, da sa hannun sauran.

Ga yadda shafin ya kasance. A zaman farko aka kwashe miliyan 20 daga asusun jiran rabo, miliyan 4 suka shiga jarin hannaye, miliyan 16 suka shiga ɗoriya. Aka sa sunan ɗan kasuwar a rajistar masu jari, aka ba shi takardar shaida, lauya ya kai wa CAC rahoton ƙarin jari da na rabo. Harajin hatimi, wanda aka daɗe ana karɓa a kan kashi 0.75 cikin ɗari na ƙimar asali, da ladan lauya da kuɗin rajista, ba a sa su cikin kuɗin gudanar da inji ba, daga ɗoriya aka cire su, don kada ribar shekarar ta ɗauki nauyin da ba nata ba. Bayan wata uku da ƴan kwanaki masara ta yi kuɗi, ya kawo miliyan 10, aka ware masa hannu miliyan 2, miliyan 8 suka bi sahun ɗoriya. Jimillar hannaye ta tsaya a miliyan 16: Alhaji 4, ƙanensa 3, magada 3, sabon shiga 6. Na buga kwafi huɗu na wannan shafi, Alhaji da kansa ya kai na magada Jekadafari.